Rijiyar Babana da Rariyar Mijina

Babana bai bar mini gona ba, bai bar mini shanu ba. Rijiya ya bar mini, a tsakar gidanmu da ke ƙarshen Fagge, wajen da unguwa take gangarawa ta haɗu da bakin Sabon Gari. Haƙar rijiya ce sana'arsa, kuma ya sha faɗa cewa a duk waɗanda ya haƙa wa mutane babu wadda ta yi masa daɗin ruwa kamar wannan. Rijiyoyin wajenmu yawanci zartsi gare su, ki sa sabulu ya ƙi kumfa, ki ɗora wake ya wuni bai nuna ba. Tamu kuwa ga garɗi ga sanyi. Da ya rasu gidan ya faɗo a rabona, mijina ya yarda muka dawo ciki, duk da tsiyar da abokansa suke yi masa wai shi aka kai ɗakin miji.

Ban taɓa hana kowa ruwan nan ba, amma ban taɓa yarda a zura mini guga mai datti ba. Na yi faɗa da rabin matan lungunmu a kan haka, kuma ban yi nadama ba. Wadda ba mu taɓa samun saɓani da ita ba ita ce Iya, wata Bayarabiya Musulma da iyayenta suka zo daga kudu tun ba a haife ta ba, tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ruwan wankinta 'yan ga-ruwa ke kai mata, amma na sha da kanta take zuwa ɗiba kowace safiya, da tulunta wankakke. Takan ce ruwan famfo ƙarfe yake yi mata a baki.

Mijina magini ne, na ƙasa da tubali. Mutum ne mara yawan magana, irin wanda za ku fita unguwa ki waiga ki ga ya tsaya yana kallon katangar wani yana girgiza kai. Abin da ya fi damunsa a duniya shi ne rariya, wato 'yar kafar nan da ake bari a gindin katanga don ruwan sama ya fita. Idan aka kira shi aiki, kafin ya tambayi ɗaki nawa ake so, sai ya tambayi ta ina ruwa zai bi. A wurinsa katangar da ba ta da rariya ba gini ba ce, jiran rushewa take yi.

Ba shi kaɗai ba ne, haka duk muka tashi. A unguwarmu toshe rariya babban laifi ne, magana ce da take kaiwa gaban mai unguwa. Mutum yana wucewa ya ga ganye ko tsumma ya cushe a rariyar wani, zai sa sanda ya zaƙulo, ko da gidan wanda ba sa ga-maciji ne. Ba a jiran godiya, ba a ma faɗa. Abu ne da hannu yake yi kafin kai ya yi tunani.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai amma ba a samu ba tukuna, wani kamfani ya kafa tankin kananzir a filin da ke samanmu, kusa da titin jirgi. Mun sha ƙarar guduma har muka saba, ana haɗa faifan ƙarfe da ƙusoshi. Da aka gama sai ga abu ya miƙe fari fat, ya fi kowane soro a unguwar tsawo. Jirgi ke kawo kananzirin a zuba a ciki, daga nan a ɗura a garwa a kai kasuwa. Ni dai abin bai dame ni ba, sai ma daɗi da na ji cewa man fitila ya zo kusa.

Wata rana mijina ya dawo ya zauna a bakin rijiya, ya ce Baturen kamfanin ya ba shi aiki, amma aikin ya ɗaure masa kai.

Ya ce, "So yake in kewaye tankin da ganuwa, mai kauri, tsawonta ya kai ƙirjin mutum. Amma kada in bar ƙofa."

Na ce, "To ta ina za a shiga, Malam? Ta sama?"

"Matakala za a yi, a hau a sauka. Kuma ya ce kada in bar rariya."

"Ruwan sama fa?"

"Shi na tambaye shi. Ya ce leburori za su kwashe da bokiti."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya ce tafinta ya yi masa bayani dalla-dalla. Wai tanki irin wannan, ran da zai mutu, ba yoyo yake yi kamar randa ba. Gefensa ne yake yagewa gaba ɗaya, abin da ke ciki ya fito da gudu ya bugi duk abin da ya tarar. Saboda haka dole ganuwar ta iya cinye duk abin da ke cikin tankin har da saura, ta yi kaurin da ba za ta faɗi ba idan an buge ta, ta yi tsawon da ba za a tsallake ta ba. Kuma kafa ko ɗaya, komai ƙanƙantarta, ta ɓata aikin. Ya ce maganar ta shiga kansa, amma hannunsa bai yarda ba.

Da rani ya yi aikin. Ya zuba marmara, ya daɓe, ya ɗora ƙasa, ya sake daɓewa, aka shafe ciki da sumunti. Gindin ganuwar nan ya yi faɗin da jaki zai kwanta a kai. Na je na gani da aka gama, kuma gaskiya ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamar wannan ba.

Sai damina ta faɗi. Ruwan farko kawai, cikin ganuwa ya zama tafki, tanki yana tsaye a tsakiya ƙafarsa cikin ruwa. Leburori suka kwashe, aka sake yi, suka sake kwashewa, daga nan suka fara noƙewa. Kwaɗi suka tare, sauro ya samu gida. Magina 'yan'uwansa kuwa suka samu abin yi, duk inda ya zauna sai wani ya ce, "Sannu mai kududdufi, yaushe za a fara su mu kama kifi?" Mutumin nan ya rame a kan abin da ba nasa ba. Yana cin tuwo, hadari na haɗuwa, sai ki ga loma ta tsaya masa a hannu.

Ya koma wurin Baturen ya ce ruwan da yake kwana zai ci gindin tankin da tsatsa. Wannan kuwa gaskiya ce, Baturen ma abin yana damunsa. Suka daidaita a kan a sa bututun ƙarfe guda a gindin ganuwar, a yi masa toshi na itace mai ƙarfi. Sharaɗin shi ne toshin yana ciki kullum. Idan an yi ruwa, maigadi ya zare, ya tsaya a wurin har ruwan ya tsiyaye, ya mayar kafin ya ɗaga ƙafa. Ranar mijina ya dawo yana fara'a, ya ci tuwo har da neman ƙari.

Bakin bututun lungunmu ya kalla, domin nan ƙasa ta gangaro. Na yi mita a kan haka, na ce ruwan kamfani zai cinye mini dokin ƙofa, ga shi kullum yana kwanciya a jikin katangata, daidai bayan rijiya. Ya ce ruwan sama ne kamar kowane ruwan sama, zai ƙara mini yaɓe. Iyakar abin da muka tattauna ke nan.

Maigadin tsoho ne, mutumin kirki, daga ƙauye ya zo. Da farko ya riƙe sharaɗi sosai. Amma toshin ta waje yake, a kan hanya, kuma duk wanda ya wuce ya ga rariya a toshe ana tsakiyar damina sai ya tsuguna ya zare, ya jingine shi a gefe, ya wuce yana ganin ya yi aikin lada. Tsoho ya mayar, wani ya zare. Har dattawa suka yi masa faɗa, wai shi wane irin mutum ne da zai tare wa ruwa hanya, ba a yi masa tarbiyya a garinsu ba? Shi ma a ransa bai ga hikimar abin ba. A hankali ya bar mayarwa. Daga baya can aka gano toshin a wani gida, an yi turken akuya da shi.

Mijina yakan bi ta wurin. Shi da bakinsa ya gaya mini, bayan komai ya faru, cewa ya sha ganin bututun a buɗe, kuma duk ran da ya gani sai ya ji hankalinsa ya kwanta.

Damina ta zagayo, ta sake zagayowa. Ranar da abin ya faru ana dab da ɗaukewar ruwa ne, bayan la'asar, gari garau babu ko hadari. Na ɗora ruwan tuwo ina tankaɗe. Sai na ji ƙara kamar an fizge ƙyauren ƙarfe daga jikin gini, bayanta kuma wani rugugi mai nauyi da na ji shi a ƙafafuna. Tattabaru suka tashi gaba ɗaya. Ban gama miƙewa ba warin kananzir ya iso.

Iya ce ta faɗo gidan babu sallama, ɗankwalinta a hannu. Daga kasuwa take dawowa ta ga abin da idonta.

Ta ce, "Kashe wuta! Tanki ya fashe, kashe wuta!"

Ba ta tsaya ba, ta fita ta shiga gida na gaba. Ina jin muryarta tana nisa, gida bayan gida. Na juye ruwan tuwon a murhu, na ƙara da tulu guda, na tura yara ɗaki, na leƙa waje.

Abin da na gani bai yi kama da bala'i ba. Kananzir ne fari tas kamar ruwa yake gangarowa ta tsakiyar lungu, cikin natsuwa, ta hanyar da ruwan sama ya saba bi. Kaji ne kawai suka gane, suna ta tsalle suna hawa katanga. Na san inda zai je, domin na sha kallon ruwa yana zuwa wurin. Jikin katangata zai kwanta, tsakaninsa da bakin rijiyar babana ba abin da ya raba sai kaurin tubali.

Na koma ciki da gudu. Rariyar gidana takan yi amai ta dawo da ruwa ciki idan lungu ya cika, don haka na cire mayafina na cusa a ciki, na kwaɓa ƙasa na liƙe. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa toshe rariya ba sai ranar. Sannan na ɗauki faranti na fita ina kiran mata da sunan 'ya'yansu. Suka fito, har waɗanda muka yi faɗa a kan guga. Da faranti, da ƙwarya, da murfin tukunya muka dinga kankaro ƙasa muna tarawa, muna so mu karkatar da shi ya nufi kududdufin unguwa. Idanunmu na hawaye, hannuwa na raɗaɗi. Muna tarewa yana cin gindin abin da muka tara, domin daga sama ba a daina turo shi ba.

Can sai muka ga ya rage, ya koma siriri, ya tsaya.

Mijina ne. Yana aiki a wani gida kusa da Rijiyar Lemo ya ji ƙarar, kuma ya ce tun kafin kowa ya gaya masa ya san ko mene ne, ya kuma san ta inda zai fita. Ya iso ya tarar da bututun yana feshi, tsoho maigadi yana ta zagaye yana neman toshi. Ya tuɓe rigarsa ya cusa, ƙarfin abin ya tunkuɗo ta. Ya sake cusawa, ya juya ya zauna ya danne bakin bututun da bayansa, ya kafe ƙafafu a ƙasa, ya ce a kawo masa laka da itace. A haka ya zauna kananzir yana bin jikinsa har aka sassaƙo wani toshin aka buga.

Ganuwar kuwa ta tsaya. Waɗanda suka hau matakala suka leƙa sun ce ta cika har kusa da baki, tankin ya yage daga gindi kamar an tsaga gwangwani, ya karkace. Bugun farko ya watso kaɗan ta sama, amma ko tsagewa ba ta yi ba. Har yau ban san takamaiman abin da ya kashe tankin ba. Wasu sun ce ƙusoshin ne, wasu sun ce tsatsa. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, ba don ganuwar nan ba da duk gangaren unguwarmu ya yi iyo a kananzir, a daidai lokacin da kowace mace ta hura wuta. Mai unguwa da kansa ya zo gaishe da mijina. Masu kiransa mai kududdufi suka zo suna sunkuyar da kai.

Ni kuma ina tsaye ina kallon jikin katangata. Duk ƙoƙarinmu, sai da wani kananzirin ya kwanta a wurin, kuma kafin mu kwashe ƙasa ta shanye rabonta. Muka kankare saman, muka haƙa har gwiwa muka zubar, muka cike da sabuwa. Ƙasar da muka tarar a can ƙasa ma wari take yi.

Fatar bayan mijina ta saluɓe kamar wanda ruwan zafi ya zuba wa. Ni nake shafa masa man kaɗanya safe da yamma, yana kwance rub da ciki, kuma ina shafawa ina faɗa, don ba zan iya haɗiye abu ba.

Na ce, "Ka tsare wa kamfani kananzirinsu. Ka tsare unguwa, an zo an gode maka. Ni fa, Malam?"

Ya ce, "Ai ruwan bai canza ba."

Na ce, "Tukuna dai."

Ni 'yar mai haƙar rijiya ce. Na san ƙasa ba ta gaggawa, kuma na san abin da ya shigo rijiya ta jijiyar ruwa ba a yashe shi. Da a ce ta baki aka zuba, sai a kwashe a wanke. Wanda ya biyo ta ƙarƙashi kuwa, ko an yashe sau nawa zai dawo. Tsoro nake ji sosai, irin wanda ban ji ba ko ranar da abin ya faru.

Kamfani suka zuƙe kananzirinsu, suka kafa sabon tanki, aka cire bututun aka cike gurbinsa. Aka kawo famfon hannu da ake janye ruwan sama da shi ta saman ganuwa, ga wanda aka ɗora wa aikin musamman. Mijina ne ya liƙe gurbin.

Ni kuma na samu sabon aiki. Kowace safiya gugan farko nawa ne. In jawo, in sansana, in karkata shi wajen rana in duba samansa, in ɗanɗana. Iya tana tsaye da tulunta, ba ta tambaya, fuskata take kallo. In na gyaɗa kai sai ta miƙo tulun. Haka muka yi har aka girbe gero, har gyaɗa ta fara shigowa gari. Na fara sakin jiki. Na fara cewa a raina wataƙila marmarar da babana ya sha wuyar fasawa ta tare mana. Har na daina yi wa mijina gori, muka koma hira.

Ran nan na jawo guga, na karkata shi, sai na ga wani abu siriri yana yawo a saman ruwan, mai launi-launi kamar wuyan tattabara. Na zubar na sake jawowa. Yana nan. Warin kaɗan ne ƙwarai, wanda bai san ruwan ba ba zai ji ba. Iya ta leƙa gugan, ta dube ni. Ta ɗora tulunta a ka babu komai a ciki, ta dafa kafaɗata, ta fita.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ba a kuka. Na ɗauko moɗar babana, wadda yake shan ruwa da ita, na cika ta daga gugan nan. Mijina yana zaune a ƙofar ɗaki ya gama karyawa, zai fita aiki. Na durƙusa na miƙa masa kamar kullum. So nake ya kai baki ya ji, ya tofar, ni kuma in buɗe nawa bakin. Na tanadi maganganu tun ranar da tanki ya fashe, na jera su, babu wadda na manta.

Ya karɓa. Ya kai hanci, na ga ya gane. Ya dube ni, ya dubi rijiyar. Sai ya yi bisimilla ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya shanye. Na kai hannu in fizge, na makara.

Na ce, "Malam, kanka ɗaya kuwa? Kashe kanka za ka yi?"

Ya goge bakinsa ya ce, "Ruwan Baba ne. Tunda na shigo gidan nan ban taɓa mayar da shi ba." Ya miƙo mini moɗar, sannan ya ce, "Ki bar ni in rufe ta da hannuna, kada yara su sha."

Bai fita aiki ba ranar. Ya jera azara a bakin rijiyar, ya shimfiɗa zana, ya ɗora ƙasa, ya daɓe, ya shafe da makuba. Ina zaune a kan turmi ina kallonsa, yana yi yana tari. Da ya gama ya zagaya ta a hankali yana shafawa da tafin hannu, bai bar kafar da ko allura za ta shiga ba.

Maganganun da na tanada ban faɗi ko ɗaya ba, kuma har ya koma ga Allah ban faɗa ba. Na wanke moɗar na kife, na yafa mayafi, na tafi gidan Iya in tambaye ta wane ɗan ga-ruwa ne yake kawo mata.